Ƙwallon Dabino

Akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin kujerar kekena.
Kullum da asuba, kafin in tada inji,
nakan jefa masa ƙwallon dabino ɗaya.
Yau ɗari biyu da sha ɗaya.
In na faɗa rami a hanyar Yalwa sai su ɗau kacau-kacau,
fasinja su ce, direba, noti ya kwance.
Ba na musu.

Sau biyu na taɓa juye shi.
Na farko a kwana arba'in, daren da aka ɗaura auren ƙanena,
don murna.
Na biyu a casa'in da uku,
ba don komai ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Bayan Gari tana nan inda na bar ta.
Nakan zagaye ta, in ƙona man ɗari biyar a banza.
Mai keke ya ce ban iya lissafi ba.
Ni na san abin da nake saya.

Malam Inuwa mai faci, shekararsa tara da bari,
shi ya ce mini: abin nan ba ya zuwa da ƙaho.
Da yunwa yake zuwa, da rashin barci,
da ranar da aljihu ya cika,
da ranar da ya bushe.
Ci tun ba ka galabaita ba. Kira tun kunya ba ta riga ka ba.
Kwaɗayi hadarin bazara ne, in ji shi,
baƙi ƙirin, ga cida, ga iska,
ka ba shi rabin awa ka gani.

Ran Laraba bayan la'asar, a bakin Muda Lawal,
wani ya ɗaga hannu, na tsaya.
Maƙogwarona ya riga idona gane shi.
Barau. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa.
Kai, Sale Tanka! Ashe kana duniya?
Wata bakwai ba wanda ya kira ni da sunan nan,
amma sai da wani abu a cikina ya amsa.
Ya shafa aljihu, na ga shatin kwalba.
Murfi ɗaya, ya ce. Ba an ce ka warke ba?
Wanda ya warke me zai ji tsoro?

Ban yi masa wa'azi ba, wa ya aike ni.
Tare muka sayar da injin markaɗen uwarsa.
Na ce, Barau, ba can na nufa ba.
Na ja keke, hannuna na rawa a kan totur,
yawu ya cika mini baki kamar an gutsiri tsamiya.

Na kira Malam Inuwa, layi bai shiga ba.
Na sake, bai shiga ba.
Na tsaya wurin Adda Kulu na ci masa shida da ƙuli,
ban ji ɗanɗanon ko ɗaya ba.
Sannan na nufi rumfar faci
na ce tayar baya ta yi sanyi.
Ya latsa ta da babban yatsa. Tauri kamar dutse.
Ya dube ni.
Ya jawo tiyo, ya durƙusa, ya yi ta ba ta iskar da ba ta buƙata,
yana ba ni labarin tsadar solushan da rigimar mai rumfa,
har aka kira magariba.

A gida Dije ta ce sannu da zuwa,
ta matso fiye da yadda gaisuwa take buƙata.
Na san numfashina take shinshina.
Da can sai in yi fushi.
Yanzu nakan tsaya, in bar ta ta gama.
Hanne ba ta ɓuya bayan randa ba,
ta zo ta laluba aljihuna, ta ciro dabino,
ta cinye, ta miƙo mini ƙwallon da yawunta a jiki.
Baba, ka jefa.

Na ce a'a, ajiye shi kan taga.
Wannan na gobe ne,
ba mu kai can ba tukuna.