Man da Ba Ya Farkawa

Ƙarfe goma na dare a Hull,
ana yayyafin nan da ba ya jiƙa gonar kowa.
Na sa hular raga, na sa farar riga,
na tsaya gaban kwali ashirin da bakwai.
Cikin kowanne, leda shuɗiya,
cikin ledar, curin mai fari fat,
ba ƙamshi, ba wari,
kamar sabulun da ya manta aikinsa.

Ranar da na fara, sai da na juya kwalin
ina bin rubutu da yatsa, ina neman sunan alade.
Gordon ya dafa kafaɗata:
"Ba dabba a ciki, Sabi'u. Tsiro ne.
Da can ruwa-ruwa yake kamar kowane mai,
aka zuba shi a tukunyar da ta fi bene tsawo,
aka hura masa wata iska, aka matsa, aka ba shi wuta,
har ya daskare. Shi ke nan."

Shi ke nan, in ji shi.
Mu a gidanmu ba mu cewa mai ya daskare,
cewa muke ya yi barci.

Iya Tabawa, tun kafin kiran assalatu,
ta soya gyaɗa, ta murje, ta fece,
an kai inji an dawo da ƙulli a roba.
Ta ɗiga ruwan zafi, ta kama muciya,
tana juyi, tana faɗa da akuya,
har tunkuza ta fara hawaye.
Hawayen nan take tarawa a kwalba
ta toshe bakin da totuwa.
In sanyi ya sauka, man ya yi barci,
sai ta ce, "Kai shi rana, ɗan nan."
Kafin in cinye ƙuli biyu
ya farka, ya yi ja-ja-ja, yana kallona.

Wannan na hannuna an kwantar da shi ne da gangan.
Kai shi rana, ko gezau.
Wata shida a kan kanta, biskit bai sauya fuska ba,
ɓawon fanke na nan ƙus-ƙus
kamar jiya aka sauke.
Tururuwa ma, da akwai ta a garin nan,
ban sani ba ko za ta tsaya gaisuwa.

Ina yanka da wuƙar waya, ina jefawa,
injin na haɗiya ba bismilla.
Bozena na can ƙarshen layi tana ƙirga tire,
mijinta na asibiti, an buɗe masa ƙirji.
Likita ya nuna mata hoton jijiya
ta toshe kamar magudanar bayan gida.
Ba ta ce laifin kwalin nan ba ne,
ni ma ban ce ba.
Albashi Juma'a ne.

An ce za a canza, wani mai na tafe,
na manja, ko na wata fure mai bin rana.
Gordon ya liƙa takarda a bango,
muka karanta da kofin shayi a hannu,
muka koma layi.

Shekara tara ke nan.
Ran nan ƙanwata ta kira, ta ce Iya ta rasu,
na ce Allah ya jiƙanta, na kashe waya,
na yanka curi na sha huɗu.
Ko ɗigo idona bai kawo ba.

Da asuba, a tashar bas, na taɓa ƙirjina.
Wa ya hura mini iskar nan?
Yaushe aka matsa, yaushe aka ba ni wuta?

A ɗakina akwai kwalba guda a bakin taga,
saƙon bara, da totuwarta har yau.
Ya yi barci tun watan Nuwamba.
Na zauna kusa da shi da rigar aiki,
mu biyu,
muna jiran rana ta fito a Hull.