Littafin Awon Baba

A aljihun rigar sanyinsa na tsince shi,
ɗan littafi mai warin kitse da toka.
Orval Kinter, gundumar Potter, Pennsylvania,
haka ya rubuta a bango, kamar wani zai sace.

Shafin farko, hannun saurayi ne:
albarushi ƙwaya ɗari da goma,
dunƙulen dalma cikin ƙyallen matashin kai.
"Ta harbe ni kamar alfadari. Namiji ya faɗi a rafi."

Mijin yayata, Dwight, ya leƙo ta kafaɗata,
ya ce a bar wa gidan tarihi wannan.
Ga harsashi mai tsini da rigar roba,
ga albarushi curarre kamar ƙwayar magani,
jefa biyu, ki huta da awo.
Na ce bindigar Baba ba ta san su ba.
Dunƙule kaɗai take haɗiya ba ta ƙware ba.

Asabar uku ina bayan sito
ina huda farantin takarda a taku hamsin.
Tasa'in ta watsa ramuka kamar tonon kaji.
A tamanin ƙyallen ya fito a ƙone.
Saba'in:
uku suka kwanta wuri guda,
tafin hannuna ya rufe su.

Sai da dare na koma littafin.
Ashe shi ma saukowa ya yi ta yi.
Ɗari, shekarar da aka haife ni.
Tasa'in, bayan injin katako ya ci masa kafaɗa.
Saba'in da biyar, rubutun ya fara rawa,
a gefe kuma:
"Matsa kusa. Ƙarin gari ba ya gyara ido."

Washegarin Kirsimeti,
ƙanƙara a ƙasa, ƙanƙara a bakin kunamar bindiga,
na jingina da kututture
ina kare garin kasko da safar hannu.
Barewa ta fito, hucinta fari fat,
taku tamanin, ko fiye.
Na jira ta matso.
Yatsuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya.
Ta kaɗa wutsiya, daji ya haɗiye ta.

Da magariba na sauke ɗurin a jikin kututturen.
Hayaƙin ya daɗe tsaye tsakanin itatuwa.

Shafin ƙarshe kwanan wata ne da layi ɗaya:
"Ban ɗura ba yau. Huɗu sun wuce."
A ƙasansa na rubuta saba'in,
da fensirinsa, wanda ya tauna.