Muryar Baba Ta Makara

Ƙarfe biyun dare a Talaje,
Yamai ta yi barci, ordinatar na huci.
Bidiyon sunan ɗiyar Sahiya:
bakin Baba na gaba, muryarshi na baya
kamar jakin da ya ƙi bin ayari.

Illo ya ce a waya: nemo inda aka tafa,
nan sauti ke yin tsini.
Ja layin ƙasa har ya hau tafin.
Ka adana, kuran ba ya sallama.

Na ja. Amin ta faɗa kan leɓenshi daidai.

Saura tari guda, minti na shida.
Almakashi na kanshi tun ɗazu.
Tarin nan ne ya kai shi Yantala bara.

Na bar shi.