Hutun Ƙarfe Uku

A Carlisle, ƙarfe ukun dare,
injin biskit ya yi shiru na minti ashirin.
Muka tuɓe hular raga, muka zauna
kusa da butar shayin da ba ta taɓa tafasa da gaske ba,
ni da Wulandari,
da littafinta mai naɗaɗɗun kunnuwa.

Na ce, me ke ciki haka, har burodinki ya bushe?
Ta ce, ƙagaggen labari ne, da harshenmu.
Ta ɗora yatsa kan kalma ɗaya: hutan.
Daji ke nan, in ji ta.
Na ce, a wurinmu ai wannan hutu ne da 'yar wutsiya.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, a littafin nan babu wanda ya huta.

Dare bayan dare take juya mini shi,
Turancinta na ɗingishi, nawa na dogara sanda.
Wai wata tsohuwa ce a bakin kogi
mai ƙirga shekarunta da itatuwa:
wannan, ranar da ta haifi ɗan fari,
wancan, shekarar da ruwa ya ci gada.
Sai mutanen kamfani suka zo da takarda da jan fenti,
suka shafa wa kowace bishiya alama
kamar akuyar da aka gama cinikinta.
Wata safiya tsohuwar ta fito
ta rasa shekarunta nawa.

Marubuciyar ba ta sa ta kuka ba.
Nan ne abin ya tsaya mini a wuya.
Tsintsiya ta ba ta.
Toka na sauka, tana sharewa,
shafi uku cur tana shara.

Sai babin hayaƙi.
Ƙasa na ci daga ƙarƙashi, ba a ganin harshen wuta.
Malami na kiran suna a aji, tari na amsawa.
Mai riƙe da injin yankan kuwa
ba baƙo ba ne.
Jikan tsohuwar ne, yana tara kuɗin babur.
Wulandari ta ce, abin da ya sa nake son na yanzu ke nan,
ba sa ɗauko mugu daga nesa.

Na hura shayin da ba shi da zafi.
Ban gaya mata ba
buhunan gawayi ne suka biya mini kuɗin jarrabawa.
Baffa Ɗanjuma ya kwantar da ƙirya da marke
daga bayan Ningi har inda ido ya gaji,
ni ina bisa mota ina ƙirga buhu,
baƙi ƙirin, haƙora a waje.
Ɗorawar bakin rafi, wadda muka sha garinta muka sha inuwarta,
ta tafi Bauchi a buhu goma sha ɗaya.
Ni na rubuta lissafin, da biro ja.
Iyakar littafin da na taɓa rubuta wa daji ke nan.

Ƙararrawa.
A waje, cikin yayyafi, tanka na ja da baya tana kuka,
ta kawo manjan da aka wanke har ya manta shi ja ne.
Wulandari ta leƙa ta taga, ta ce,
wa ya sani, ko daga bayan gidanmu.
Ta soka tikitin bas a shafi na ɗari da arba'in.

Muka mayar da hula, muka wanke hannu har gwiwa.
Biskit ya ci gaba da tahowa sahu-sahu,
yadda ta ce ake dasa kwakwar:
tsayi ɗaya, tazara ɗaya, ba tsuntsu ko ɗaya.

Na ɗaga murya sama da ta injin:
Tsohuwar fa, ta rayu?
Ta gyara safar hannu, ta ce,
ban kai can ba tukuna.