Shuɗin da Ke Zuwa Bayan La'asar

A El Alto, inda iska ke yi wa huhu rowa,
shagona bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.
Eulogia Tarqui ta shigo da hantsin Talata,
ta goyo kwamfuta a mayafinta mai ratsi-ratsi
kamar yaron da ya kwana da zazzaɓi.

Ta ce, "Fermin, suma take yi.
Ina tsaka da lissafin mata goma sha ɗaya masu saƙa,
sai allon ya juye shuɗi shar,
ga wata 'yar fuska a karkace tana ɓata rai,
ga rubutu a ƙasa.
Kafin in lalubo biro ta mutu, ta farfaɗo,
ta manta duk abin da na faɗa mata."

Shuɗin ba shi ne cutar ba.
Kuka ne kawai,
kuma mai kuka ba ya nuna inda ƙaya ta shiga.

Na buɗe kundin da take rubuta wasiyyarta
duk sanda za ta faɗi.
Faɗuwa tara, suna huɗu daban-daban:
yau ta zargi wannan, gobe ta zargi wancan.
Mai laifi ɗaya ba ya canza suna haka,
sai dai in mai ba da shaidar ne kansa ya taɓu.

Duk da haka na bi su ɗaya bayan ɗaya.
Na tambayi zafi,
don a wannan tudu fanka kan yi ta juyi
tana kamfatar iskar da ba ta da auki.
Na zaro curin gashin alfaka daga haƙarƙarinta,
na auna: jikinta lafiya lau.
Na tambayi faifai, ya karanto mini komai ba gargada.
Na cire manhajar da jikanta ya cusa,
na mayar da direban hoto na bara.
Na bar ƙwaƙwalwar tana bitar kanta dare uku
ina barci a kujera, bargo biyu a kafaɗa.

Ko tari ba ta yi ba.

Cuta ta ga likita ta shige ƙarƙashin gado.

Ranar Asabar ta dawo da ita, ba ko gaisuwa.
"Jiya ma, sau biyu."
Sai a lokacin na yi tambayar da ta kamata tun farko:
"Da wane lokaci?"
Ta ce, "Bayan la'asar, in Nelida ta taso daga makaranta."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Na rufe shago, muka hau motar igiya,
rufin kwano na wucewa a ƙarƙashin ƙafafunmu,
dutse mai farin kai yana kallonmu daga nesa.

Ɗakin ƙarami ne, teburin guda ɗaya.
Kwamfuta a wannan gefe,
injin saƙa a wancan.
Nelida ta ajiye jaka, ta kama hannun injin,
ƙarrr zuwa dama, ƙarrr zuwa hagu,
cokali na rawa a cikin kofin shayi.
Ban ƙirga talatin ba
shuɗin ya sauko.

Na buɗe cikinta a gabansu.
Sandunan ƙwaƙwalwa biyu ne:
ɗaya zaune daram,
ɗaya ta ɗaga gindi kamar baƙon da ke shirin sallama,
maƙallinta ya saki ba a sani ba.
Na goge haƙoranta na zinariya,
na danna da babban yatsa
har ta ce ƙas.

Muka sauke kwamfutar kan wani akwatin dankali.
Nelida ta ja injin har duhu ya shigo.
Allon bai ƙifta ba.

Eulogia ta tambayi kuɗin aiki.
Na rasa me zan ce:
na dare ukun da ban gano komai ba,
ko na yatsa ɗaya?
Ta miƙo mini hular ulu mai kunnuwa,
shuɗiya,
tana dariya har hularta ta karkace.