Ɗakin da Ya Ƙi Fita

Motar asibiti nake ja, ta tafi-da-gidanka,
mai ɗaki a haƙarƙari.
In na tsaya na danna maɓalli,
gefenta ya zaro waje kamar aljihun tebur,
sai ga gado, ga ma'auni, ga labule,
inda Sista Tabawa ke kasa kunne
ga bugun zuciyar da ba a raɗa wa suna ba tukuna.

Ƙananan injuna biyu ke tura ɗakin,
ɗaya gaba, ɗaya baya,
kamar shanun huɗa:
in ɗaya ya yi nawa, kunya ta karkace.

A Aujara ya fara.
Taƙi ɗaya ya fito, ya cije.
Jar fitila ta ƙifta uku, ta huta, ta ƙifta uku.
Mata ashirin da bakwai a inuwar darbejiya,
kowacce da katin awo a cinya,
idonsu a kan yatsana.
Na kashe, na kunna. Ya fita.
Na ce ta wuce.

Laraba, a Harbo, ta dawo.
Na canza fis.
Na kankare kan batir har ya yi ƙyalli.
Na ɗura giris a haƙoran dogo
har tuwon dare ya yi min warinsa.
A Dutse suka ce ƙwaƙwalwar ce ta tabu,
suka sa sabuwa, rasit ɗin ya fi albashina.
Kwana tara shiru.
Na goma, ƙifta uku.

Abin haushi, gaban mai gyara ba ta yi.
Kamar yaron da zazzaɓi ke saki
da zarar an iso ƙofar likita,
a bar uwa da kame-kame.

Tsalha mai wayarin, bayan tashar Jahun,
bai ɗauki sifana ba.
Ya gutsiri goro, ya ce, "Ilu, ran da ta yi,
wace hanya ka biyo?"
Na lissafa. Na sake lissafawa.
Ashe bayan kwalta ba ta taɓa yi ba,
sai mun sha burji da gargada.

Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi.
"Danna. Tsaya. Mayar."
Yatsunsa na bin waya
yadda mai ɗori ke bin ƙashi,
har ya zo lanƙwasa,
inda take naɗewa duk shiga, take miƙewa duk fita.
Ya murza: jar fitila.
Ya saki: shiru.
Ya sake murzawa, yana dariya shi kaɗai.

Robar lafiya lau, ko ƙwarzane babu.
Da ya tsaga ta da reza,
sili bakwai ne a ciki,
biyar sun tsinke, biyu na riƙe da amana.

"Injin nan bai yi laifi ba," in ji shi,
"shi dai aka ji kukansa."
Ya narka dalma, ya yi ƙari, ya naɗe,
ya bar wayar da ɗan tsawo, tana reto.
Na ce ta yi yawa.
Ya ce, "Abin da ke kai da komo, a bar masa rara."

Dubu biyu ya karɓa,
ya ce a cika masa da awon jini.
Ɗakin ya fita sumul, ya zauna a bakin gado,
shi ne baƙon farko.
Sista ta matsa, ta duba, ta sake matsawa,
ta cire tabarau.
"Malam Tsalha, yaushe rabonka da barci?"
Ya dubi hannunsa, ya ce shi fa ƙalau yake ji.
Ta rubuta masa kati. Talata mai zuwa.

Wata huɗu ke nan.
Ɗakin na fita, ɗakin na komawa.
Amma har yau in na kai yatsa ga maɓalli,
sai na riƙe numfashi,
na ƙirga uku,
kafin in ce wa mata su matso.