Agogon da Ke Cikin Ƙafa

Kwana huɗu ke nan. Uku saura kwata,
Sheffield ta yi tsit, hita ta daɗe da mutuwa,
sai babban yatsana na dama ya farka
kamar an aza masa garwashi.
Ko gefen bargo ya shafe shi, sai na yi salati.

Da rana kuwa, lafiya lau.
Na ja bas daga Hillsborough har Woodhouse,
na taka birki ya fi sau ɗari,
bai ce uffan ba.
Munafuki.

Dakta Whitlock ta zana mini a bayan takarda.
Jiki da agogonsa, in ji ta.
In dare ya tsala, sinadarin da ke lallashin kumburi
yakan ja baya,
ƙafa ta huce, ruwa ya ragu,
gishiri mai allurai ya taru a gaɓa,
dakarun jini su far masa.
Na ce, wato mai gadi ke gyangyaɗi.
Na ce, to ƙodar ran Asabar fa?
Ta dube ni ta saman tabarau.

Jiya aka mai da agogon ƙasa baya da awa guda.
Kande ta juya na kicin,
wayoyi suka juya kansu.
Yatsa bai ji sanarwa ba.
Biyu saura kwata ya buga.

Ga ni zaune, ledar wake mai ƙanƙara a kan ƙafa.
Wajen shida mai gadin zai tashi,
ya yi miƙa,
ya tambaye ni ko an yi baƙo.